Sha'awa da mutuncin mace: abin da malaman Yahudawa suka koyar

Duk lokacin da aka ambaci Yahudawa a rediyo, labarin yaƙi da siyasa muke ji. Yau mun leƙa cikin littattafansu na addini, don mu ji abin da suka ce game da namijin da ke kallon mace kamar hajar da aka baza a kasuwa.

Bayan Attaura, babban littafin da malamansu ke dogara da shi shi ne Talmud, wanda aka haɗa a ƙasar Babila, wato Iraƙi ta yau, wajen shekara ta 500 miladiyya. A cikinsa akwai hukuncin da ya shafi ciniki kai tsaye. Namijin da ya tsaya yana ƙirga wa mace kuɗi cikin tafin hannunta don kawai ya samu damar ƙare mata kallo, an ce ba zai tsira daga azabar lahira ba, ko da yana da ilimi da ayyukan alheri irin na Annabi Musa. Ku lura da kyau, ƴan uwa: hukuncin bai kori macen daga wurin ciniki ba. Mai kallon ne aka ɗora wa laifi.

Duk da haka, malaman ba su ce a kashe sha'awa ba. Suna kiran ta "yetsar hara", wato zugar zuciya zuwa ga mugunta, amma sun yarda cewa in babu ita mutum ba zai gina gida ba, ba zai yi aure ya haihu ba, ba ma zai yi fatauci ba. Har suna ba da wata hikaya: magabata sun taɓa kama sha'awa suka tsare ta kwana 3, sai aka nemi sabon ƙwai a duk faɗin ƙasar aka rasa, don kaji ma sun daina saka ƙwai. Dole suka sake ta, bayan sun rage mata ƙarfi. Shi ya sa wani malaminsu, Ben Zoma, ya koyar da cewa jarumi na gaske shi ne wanda ya mallaki zuciyarsa.

A cikin aure ma an kafa wa miji iyaka. Attaura ta ɗora masa ci da sutura da haƙƙin shimfiɗa, kuma Talmud ya haramta masa tilasta wa matarsa kwanciya. Ya kuma umurce shi da ya girmama ta fiye da kansa.

To amma koyarwa daban, aiki daban. A zamaninmu wasu masu tsattsauran ra'ayi sun juya nauyin zuwa kan mata: jaridunsu ba sa buga hoton mace, kuma a wasu motocin haya an riƙa tura mata kujerun baya. Wasu mata suka kai ƙara, kuma a watan Janairu na 2011 kotun ƙoli ta Isra'ila ta ce tilasta wannan wariya ya saɓa wa doka.

Muhawarar tana nan tsakaninsu: wa ya kamata ya ɗauki nauyin idon namiji? Hukuncin ƙirgar kuɗi dai ya daɗe da ba da amsa. Mai ido shi ne mai tsaron idonsa, macen kuwa ta karɓi canjinta ta ci gaba da sana'arta.