Baƙin Dagona: Wa Ke Nuna Musu Hanya?

Duk mutumin Nguru ko Gashuwa da neman abinci ya kawo shi Ikko ko Badun ko Shagamu ya san yadda fadamar gida take idan kaka ta yi. Ruwan kogin Haɗeja da na Jama'are ya malala ko'ina, shinkafa ta nuna, sai a wayi gari a ga tafkuna sun cika maƙil da tsuntsayen da ba a gan su ba duk tsawon damina. Dinya da kirinjijiya da zalɓe 'yan gida ne. Amma cikin taron akwai baƙi dubbai waɗanda aka ƙyanƙyashe a ƙasashen Turai da Rasha, watau su ma 'yan ci-rani ne. Sukan fara sauka daga watan Satumba, su juya gida wajen Maris ko Afrilu.

Babban masaukinsu shi ne tafkin Dagona, cikin ƙasar Bade, kusa da Gashuwa. Saboda su ne Yarima Filip, mijin Sarauniyar Ingila, ya ziyarci wurin a 1989. A 1991 aka sa Dagona cikin gandun dajin Gwamnatin Tarayya na yankin Tafkin Cadi, sa'an nan a shekarar 2000 tafkin Nguru da mashigar Marma suka shiga jerin dausayoyin duniya masu daraja a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar.

To, abin tambaya shi ne, yaya tsuntsun da bai kai cikin tafin hannu ba yake ƙetare Bahar Rum da hamadar Sahara, galibi kuwa cikin dare, ya zo ya sauka daidai inda ruwa yake?

Turawa ma sun daɗe ba su san inda tsuntsayensu ke shiga da hunturu ba, har wasu na cewa tsattsewa cikin taɓo take nutsewa ta yi barci. Sai a 1822 aka harbo wata irin farar shamuwa ta Turai a arewacin Jamus, aka tarar da mashin mutanen Afirka soke a wuyanta. Har yau tana nan ajiye a Jami'ar Rostok. A 1899 kuma wani malamin makaranta a Denmak, mai suna Mortensen, ya fara saƙala wa tsuntsaye zobe mai lamba a ƙafa. Da irin zobban nan ne aka san inda suke zuwa. Yadda suke gane hanya kuwa, nan ne gizo ke saƙar.

Masana sun gano kaɗan. Wajen 1950 wani Bajamushe, Gustav Kramer, ya nuna cewa tsuntsu na lura da rana ya san gabas da yamma. Bayansa wani Ba'amurke, Stephen Emlen, ya nuna cewa masu tafiyar dare suna duban taurari. A 1972 Wolfgang Wiltschko da matarsa Roswitha suka bayyana yadda wani ɗan tsuntsu mai jan ƙirji ke jin maganaɗisun ƙasa, tamkar yana ɗauke da kamfas a jikinsa. Amma da wace gaɓa yake jin sa? Binciken da aka buga a 2021 ya ƙarfafa zaton cewa wani sinadari ne a cikin idonsa, sai dai har yanzu ba a kai ga tabbatar da haka a jikin tsuntsu mai rai ba.

Ban da wannan, sanin gabas daban, sanin gari daban. Direban da ya tashi daga Agege zai tafi Nguru, sanin inda arewa take ba zai kai shi ba sai ya san hanya. A 1958 wani masani a Holan, mai suna Perdeck, ya ba da labarin tsuntsaye wajen 11,000 da ya kama suna cikin tafiya, ya kai su Suwizalan ya sake su. Ƙananan da ba su taɓa yin tafiyar ba suka miƙe yadda suka fuskanta tun farko, suka ɓulla kudancin Faransa da Sifen. Manyan kuwa suka gane an kauce da su, suka karkata zuwa inda suka saba. Da me suka auna inda suke? Masana na nan suna ta muhawara.

Akwai ma abin da ya fi wannan ɗaure kai. Tsuntsun nan da Turawa ke kira kuku ba ya yin sheƙa, a sheƙar wani yake saka ƙwai. Ɗansa ba ya sanin iyayensa, domin sukan riga shi tashi da makonni. Duk da haka shi kaɗai yake kamo hanyar Afirka, ba jagora, ba abokin tafiya.

Abin da babu shakka a kansa shi ne, baƙon nan ba shi da wani dogaro sai ruwan da zai tarar. Bayan farin da aka yi a ƙasashen Sahel a 1968, Turawan Ingila sun ƙirga wani ɗan tsuntsunsu mai farin maƙogwaro a 1969, suka ga fiye da kashi biyu cikin uku bai komo ba.

Ita kuwa fadamar Nguru ta sauya. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka bi ta da ta Challawa a 1992, ambaliyar shekara-shekara ta ragu, ruwa ya koma gudu a hankali rani da damina. Wannan ya yi wa ciyawar kacala daɗi. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, har ya zama wani gari ruwa ya yi masa yawa, wani kuma yana nema. Jan baki ya sami mafaka a cikinta, daga nan yake faɗa wa gero da shinkafa. Garuruwa da dama sun sha fitowa gayya da lauje da kwalekwale suna yanke ta, amma idan aka yi sake sai ta sake tofowa.

Ashe ke nan ruwan da ke kiran tsuntsu daga Rasha shi ne ke riƙe da masunci da manomi da makiyayi a gida, kuma ƙarancinsa na cikin abin da ya kori samari da yawa zuwa kurmi. Don haka ƙungiyoyin 'yan Nguru da na 'yan Bade da ke nan kudu, idan an zauna taron wata ana maganar gyaran makaranta da asibiti, ya kamata a sa gayyar kacala cikin lissafi. Mai zuwa ganin gida da sanyi kuma ya daure ya ɗauki yaransa da aka haifa a Ikko, ya kai su bakin tafkin Dagona da sassafe, su ga baƙin da idonsu.