Ciwon Gwiwar Hannu Ga Masu Hawa: Idan Tsohon Rauni Ya Motsa

Hawan dutse da bango wasa ne da ya samu karɓuwa har aka shigar da shi gasar Olamfik ta Tokyo, wadda aka yi a 2021. Mu kuwa a nan muna da waɗanda hawa ne abincinsu: masu hawan dabino da giginya, magina, da ma'aikatan wutar lantarki. Dukkansu da hannu suke ɗaukar nauyin jikinsu, shi ya sa kukansu yakan zo ɗaya, wato ciwon gwiwar hannu. Abin ya fi tsanani ga wanda ya taɓa karaya, ko targaɗe, ko gocewar ƙashi a wurin.

Ƙasusuwa uku ne suka haɗu a gwiwar hannu: na damtse, da guda biyu na sangalin hannu. Idan ka shafa za ka ji tudu biyu, ɗaya ta ciki, ɗaya ta waje. Tsokokin da ke damƙe yatsu da lanƙwasa wuyan hannu suna kama da tudun ciki, masu miƙar da su kuma suna kama da na waje. Jijiyoyi masu kauri ne ke ɗaure tsokokin a jikin ƙashi. Duk sanda mai hawa ya damƙi dutse ya ja jikinsa sama, waɗannan jijiyoyin ne ke shan wahalar. Tsoka tana saurin yin ƙarfi, amma jijiya ba ta samun jini sosai, saboda haka ƙarfinta da warkewarta duk a hankali suke zuwa. Sai mutum ya ji ƙarfi a damtsensa ya ƙara himma, alhali jijiyar ta fara cinyewa kamar igiyar guga a bakin rijiya.

Tsohon rauni yana ƙara dagula lamarin. Hannun da ya daɗe a ɗaure yakan rame, gaɓar ta ƙage, wani lokaci ma ba ya komawa ya miƙe sosai. Karayar ƙuruciya da ɗorinta bai zauna daidai ba takan bar hannu a karkace, sai nauyi ya riƙa sauka a gefe guda. Irin wannan karkata tana iya jan jijiyar saƙo da ke ratsawa ta bayan tudun ciki, kuma alamar ba ta bayyana sai bayan shekaru masu yawa. Mutum zai ji ƙaramin yatsa da na kusa da shi suna mutuwa, ko kamar kiyashi na tafiya a cikinsu.

Saboda haka mai tsohon rauni ya fara da ganin likitan ƙashi, a ɗauki hoto a ga yadda gaɓar take. Akwai sashen ƙashi a asibitocin koyarwa, ga kuma Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Kada a yi jinkiri idan yatsu na mutuwa, ko abu na suɓucewa daga hannu, ko gaɓar na maƙalewa, ko tana girgiɗi kamar za ta goce, ko ta kumbura ta yi zafi. Waɗannan sun fi ƙarfin man zafi.

Idan an tabbatar jijiyar tsoka ce ta gaji, mutane sukan faɗa cikin ɗayan kuskure biyu. Wani ya cije ya ci gaba da hawa, wani ya naɗe hannu na wata da watanni. Na farko yana ƙara ɓarna. Na biyu zai ji sauƙi, amma jijiyar ba ta ƙara ƙarfi ba, da ya koma hawa ciwon zai dawo. Abin da ya dace shi ne a rage nauyin aikin, a kuma horar da jijiyar. A ɗora sangalin hannu kan tebur, a riƙe abu mai nauyin kilo 1, kamar gorar ruwa. Idan ciwon ta ciki yake, tafin hannu ya kalli sama. Idan ta waje ne, ya kalli ƙasa. A ɗaga wuyan hannun da taimakon ɗaya hannun, sannan a sauke a hankali cikin daƙiƙa 4 ko 5, sau 10 zuwa 15, zagaye 3. A riƙa ƙara nauyin kaɗan-kaɗan. Ɗan ciwo a lokacin motsa hannun ba laifi ba ne, muddin ya lafa kafin washegari. Idan an wayi gari ya fi na jiya, an wuce gona da iri. Likitan gashin ƙashi zai daidaita wannan da yanayin kowa, ya kuma ƙarfafa kafaɗa, domin raunin kafaɗa gwiwar hannu ke biyansa.

A yi hattara da neman sauƙin gaggawa. Ƙwayoyi irin su ibuprofen da diclofenac suna rage raɗaɗi, amma yawan shan su na illata ciki da ƙoda, kuma suna ɓoye ciwon har mutum ya ƙara ji wa kansa rauni. Allurar kotison ma sauƙin gaggawa take bayarwa. Wani bincike da aka yi a Ostireliya, aka buga a mujallar JAMA a 2013, ya nuna cewa masu ciwon tudun waje da aka yi wa allurar sun samu sauƙi da wuri, amma bayan shekara guda ciwon ya fi dawo musu fiye da waɗanda ba a sa musu maganin ba.

Ranar komawa hawa, a fara da ɗumama jiki. A zaɓi wuri mai sauƙi, a bar ƙafafu su ɗauki yawancin nauyin, a rage daɗewa a rataye da gwiwa a lanƙwashe, a kuma bar kwana guda ko biyu tsakanin hawa mai tsanani.

Jijiya takan buƙaci wata 3 ko fiye kafin a ga canji na gaske, kuma mafi yawan masu wannan ciwo suna warkewa cikin shekara guda ba tare da tiyata ba. Sannu ba ta hana zuwa. Idan ka taɓa jin rauni a gwiwar hannu kuma hawa ya tayar da shi, je a duba ka tukuna, sannan ka bi horon da haƙuri.