Ƙaramar Hukumar Kwali: Ƙasarta, Tarihinta da Yadda Ake Zaɓen Shugabanninta

Duk wanda ya taɓa riƙe takardar naira ashirin ya ga 'yar Kwali, ko da bai sani ba. Matar nan da ke bayan takardar tana ginin tukunya ita ce Ladi Kwali, wadda aka haifa a garin Kwali, ta rasu a 1984. Mun fara da ita ne domin sabon mai zaɓe ya san cewa ƙasar da zai zaɓa wa shugabanni tana da suna tun kafin a aza tubalin farko na Birnin Tarayya.

Kwali na ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi shida na Birnin Tarayya Abuja. Sauran su ne Abaji, Bwari, Gwagwalada, Kuje da ta Birni da Kewaye. Tana kan babbar hanyar Abuja zuwa Lokoja, tsakanin Gwagwalada da Abaji. Faɗinta murabba'in kilomita 1,206 ne, kuma ƙidayar 2006 ta nuna mutane 85,837, adadin da ya ƙaru sosai tun daga lokacin. Ƙasa ce ta noma: doya, dawa, masara, rogo da shinkafa, ga kiwo, ga su a gaɓar Kogin Gurara. Gwarawa, waɗanda ke kiran kansu Gbagyi, da Ganagana da Bassa na cikin tsofaffin mazaunanta, tare da Hausawa da Fulani da sauran al'ummomin da noma da fatauci da aikin gwamnati suka kawo.

Matafiyin da ya bi titi kawai zai iya ɗauka ya ga Kwali, alhali gefenta ya gani. A Sheda akwai Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da babbar cibiyar binciken kimiyya da fasaha, a Kwali kuma akwai Kwalejin Gwamnatin Tarayya. Amma da zarar an sauka daga kwalta aka nufi ƙauyukan ciki, sai a tarar da wata rayuwa dabam, inda damina kan yanke hanya, manomi ya rasa yadda zai fito da doyarsa kasuwa, mai naƙuda kuma ta sha wuya kafin ta isa ɗakin shan magani. Wannan tazara tsakanin bakin titi da cikin karkara ita ce ginshiƙin siyasar yankin.

A zamanin Turawa ƙasar Kwali tana ƙarƙashin masarautar Abuja ta da, wadda Hausawan Zazzau suka kafa a 1828, wato Suleja ta yanzu. Can Ladi Kwali ta shiga makarantar koyar da ginin tukwane ta Michael Cardew a 1954, kuma ita ce mace ta farko da ta koyi aikin a wurin. Ranar 3 ga Fabrairu, 1976, gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa dokar da ta ƙirƙiro sabon Birnin Tarayya daga sassan jihohin Neja da Filato da Kwara, Kwali ta faɗa ciki. Gwamnati ta tare a Abuja ranar 12 ga Disamba, 1991. Bayan shekara biyar, a 1996, aka cire Kwali daga Gwagwalada ta zama ƙaramar hukuma mai cin gashin kanta. Sarautar gargajiya tana nan da martabarta, Etsu Kwali uban ƙasa ne, sai dai ba shi ke riƙe da kasafin kuɗi ba, kuma ba a zaɓensa da ƙuri'a.

A nan ne ya kamata mai karatu ya natsu. Mazaunin Birnin Tarayya ba shi da gwamna, ba shi da majalisar dokokin jiha. Majalisar Tarayya ce ke yi wa yankin doka, ministan da ke tafiyar da shi kuwa shugaban ƙasa ne ke naɗa shi. Ɗan Kwali yana zaɓen shugaban ƙasa, da sanata ɗaya tilo na Birnin Tarayya, da ɗan Majalisar Wakilai guda wanda Kwali ke tarayya a kansa da Abaji da Gwagwalada da Kuje. Bayan waɗannan, sai shugaban ƙaramar hukuma da kansila. Su biyun nan kaɗai ne zaɓaɓɓun da za ka iya samu a ofis ko a gida ba tare da ka biya kuɗin mota zuwa birni ba.

Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma kula da kasuwanni da tashoshin mota da hanyoyin cikin gari da magudanan ruwa da kwashe shara, ya kuma ba ta hannu a ilimin firamare da kiwon lafiya da bunƙasa noma. Masu cewa wannan zaɓe ƙarami ne su tuna da 2025, lokacin da malaman firamare na ƙananan hukumomin shida suka yi yajin aiki na fiye da wata uku a kan albashi, yara suka zauna a gida.

Mazaɓun Kwali goma ne: Ashara, Dafa, Gumbo, Kilankwa, Kundu, Kwali, Pai, Wako, Yangoji da Yebu. Kowace tana fitar da kansila ɗaya, wanda ya fi yawan ƙuri'a shi ne ya ci. Kujerar shugaba kuwa tana da ƙarin sharaɗi: ban da rinjaye, dole ɗan takara ya sami aƙalla kashi ɗaya bisa huɗu na ƙuri'un da aka jefa a kashi biyu bisa uku na mazaɓun. Kashi biyu bisa uku na goma ya haura shida, saboda haka mazaɓu shida ba su isa ba. Ke nan wanda ya dogara da garuruwan bakin titi kaɗai, ko da ƙabilarsa kaɗai, yana iya tara ƙuri'a mai yawa amma ya kasa cika sharaɗi. Ƙuri'ar mutumin Yebu tana da nauyin da ba kowa ke lura da shi ba.

A jihohi, hukumar zaɓe ta jiha ce ke shirya zaɓen ƙananan hukumomi. A Birnin Tarayya kuwa aikin Hukumar Zaɓe Mai Zaman Kanta ta Ƙasa ne, wato INEC, kuma Dokar Zaɓe ta 2022 ta mayar da wa'adin mulki daga shekara uku zuwa huɗu. Idan ka cika shekara 18, ka yi rajista, ka karɓi katinka na dindindin, ka kuma duba sunanka lokacin da aka kafe rajista. Wanda ya yi rajista a wata jiha sannan ya dawo Kwali da zama, sai ya nemi a sauya masa rumfa tun kafin a rufe, domin ba a jefa ƙuri'a sai a inda sunan mutum yake. Ranar zaɓe na'urar BVAS za ta tantance ka da yatsa ko fuska, a ba ka takardu biyu, ta shugaba da ta kansila. Ka dangwala a gaban alamar jam'iyya ɗaya tak a kowace takarda, don dangwale biyu na lalata ƙuri'a. Sayar da ƙuri'a laifi ne ga mai saye da mai sayarwa. Bayan an rufe, doka ta ba ka damar tsayawa cikin lumana a ƙirga a gabanka, a kuma liƙa sakamakon a rumfar.