Ninka lambobi masu alama: kuɗi da bashi

Lambobi masu alama iri biyu ne: masu alamar ƙari (+) da masu alamar ragi (−). Sifiri yana tsakaninsu, ba shi da alama. A wajen ɗan kasuwa, lamba mai alamar ƙari kuɗi ne da ke hannunsa. Lamba mai alamar ragi kuwa bashi ne da ake bin sa.

Ga misalin wani mai tebur a kasuwar Maraɗi, wanda yake rubuta lissafinsa da dala. A kowane lissafi, lamba ta biyu tana nuna kuɗi ko bashi. Lamba ta farko tana nuna sau nawa aka ƙara abin (+), ko sau nawa aka ɗebe shi (−).

1. Ya samu ribar dala 20 har sau 3. Kuɗinsa sun ƙaru:
(+3) × (+20) = +60

2. Ya ɗauko bashin dala 20 har sau 3. Bashi ya hau kansa:
(+3) × (−20) = −60

3. An ɗebe dala 20 daga kuɗinsa har sau 3. Ya yi asara:
(−3) × (+20) = −60

4. Mai sarin da ke bin sa ya yafe masa bashin dala 20 har sau 3:
(−3) × (−20) = +60

Misali na huɗu ne yake ba ƴan makaranta mamaki. Yaya ragi sau ragi zai ba da ƙari? Ai dala 60 ɗin da ya ware domin biyan bashi sun zama nasa. Ɗebe bashi ƙarin dukiya ne.

Jerin nan ma yana nuna haka:
(+2) × (−4) = −8
(+1) × (−4) = −4
0 × (−4) = 0
(−1) × (−4) = +4
Daga layi zuwa layi, amsa tana ƙaruwa da 4. Bayan sifiri, sai +4.

Wannan doka tsohuwa ce. Wani masanin lissafi na ƙasar Indiya, Brahmagupta, ya rubuta ta a shekara ta 628. Shi ma da dukiya da bashi ya yi bayaninta.

A yi hattara! Dokar ninkawa ba ta aiki a tarawa. Bashi a kan bashi, bashi ne: (−3) + (−20) = −23. Mai teburin da ya rikita su zai zaci ya ci riba, alhali bashi ne ya ƙaru a kansa.

Abin riƙewa
Da farko a ninka lambobin ba tare da alamominsu ba, sannan a sa alama.
In alamomin iri ɗaya ne, amsa tana ɗaukar (+).
In sun bambanta, amsa tana ɗaukar (−).
Kowace lamba sau sifiri, sifiri ce.

Aiki
1. Nemo amsa: (+7) × (−5), (−6) × (−8), (−9) × 0.
2. An yafe wa wata mai ƙosai bashin dala 15 har sau 4. Rubuta lissafin da alamominsa.