Aikin Albashi Ko Sana'ar Gida?

Jama'a, akwai wata tambaya da a ke yawan yi mana a aji, musamman idan an kusa ba da takardar shaida. Sai mutum ya tashi ya ce, "Malam, yanzu da na iya karatu da rubutu, ina zan sami aiki?" Abin da ya ke nufi shi ne aikin albashi, na gwamnati ko na kamfani, inda za a riƙa biyansa wata wata. Tambayar ba ta da laifi. Amma kafin mutum ya ɗaure kayansa ya nufi tasha, ya kamata mu zauna mu auna abin nan da kyau, gama mutane da yawa sun tafi sun komo hannu wofi, alhali kuwa sun bar sana'a a gida.

Bari mu fara da alherin albashi, kada a ce mun ɓoye. Mai albashi ya san abin da zai karɓa in wata ya ƙare, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. In aikin gwamnati ne, ya tsufa a ciki, akwai fansho. Ƙasa kuma ba ta zaunuwa sai da malaman makaranta, da malaman asibiti, da malaman gona. Wanda ya sami irin wannan aiki, to, ya riƙe shi da amana. Ba mu ce kowa ya ajiye aikinsa ba.

Amma fa gurbin aiki kaɗan ne, masu nema kuwa ba su ƙidayuwa. Kuɗin ma ba su kai yadda a ke jin labarinsu a ƙauye ba. A shekarar 2019 doka ta ce mafi ƙarancin albashi a Nijeriya naira 30,000 ne a wata. A 2024 aka ɗaga shi ya zama naira 70,000. Dokar kuwa ba ta hau kan mai ƙaramin wuri wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, shi sai yadda kuka shirya. To, a ce mutum ya sami dubu saba'in ɗin nan cif. A birni kome saye a ke yi. Ɗaki na haya ne. Ruwa saye, gawayi saye, har kuka da daddawa saye. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 kuɗin mota ya hau ƙwarai, ga shi kuwa kullum sai an je an komo. Kafin a kai ashirin ga wata, mai albashi ya soma neman rance. Gonarsa tana can gida, ciyawa ta ci.

Ga kuma wani abu da ba a cika tunawa ba. Aikin da ba naka ba ne, ba kai ke da ikon ranar ƙarewarsa ba. Ku dubi Kaduna. A 1957 aka buɗe babbar masaƙa ta farko a can, watau Kaduna Textiles. Waɗansu masaƙu suka biyo baya, unguwar Kakuri ta cika da ma'aikata dubbai daga ko'ina cikin ƙasa. A lokacin, wanda ya sami aikin masaƙa sai a ce ya gama dacewa. A 2002 aka rufe masaƙar nan, sauran manyan kuma suka yi ta rufewa cikin 'yan shekaru. Mutumin da ya shekara ashirin yana tsaye gaban inji ɗaya, ran nan sai ya tarar da ƙofa a kulle. Injin ba nasa ba ne, balle ya ɗauka ya kai gida. Wanda ya iya ɗinki ko ƙira tun yana yaro, shi ne ya sami abin kamawa. Shi ya sa magabata suka ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Kada ku ɗauka sana'ar gida abin ragwaye ce, ko ta waɗanda suka rasa aiki. Da ita ƙasar nan ta yi suna. Wani Bajamushe mai yawon duniya, sunansa Barth, ya zo Kano a 1851. Ya ga tufafin Kano ana kai su har Tumbutu da Turabulus. Abin da ya ba shi sha'awa kuwa shi ne, ba a manyan masana'antu a ke yinsu ba kamar a Turai. A gidaje a ke yi. Mata suna kaɗi, masaƙa suna saƙa, marina suna rini, mabuga suna bugu, kowa kuma yana noma gonarsa da damina. Har yanzu ana rini a marinar Ƙofar Mata, ko da ya ke atamfar waje mai araha ta rage musu kasuwa. Wannan ma darasi ne: sana'a ita ma ta kan yi sanyi, sai mai ita ya riƙa duban abin da mutane ke so.

To, wace sana'a za a kama? Kada mutum ya ce, "Wane ya sayi keken ɗinki ya yi arziki, ni ma zan saya." In teloli sun kai goma a ƙaramin gari, na goma sha ɗaya zai yini yana korar ƙuda. Tambayar da za ka yi wa kanka ita ce, mene ne mutanen garinmu su ke tafiya wani gari nema? Wani gari ba mai gyaran waya. Wani ba mai facin taya, wani ba injin niƙa. Wani kuwa ana noma gyaɗa a sayar da ita ɗanya da kaka a kan araha, sa'an nan a komo a sayi mai da tsada. Sana'ar da ta toshe wa jama'a wata kafa, ita ce ke daɗewa, mai ita kuma ya san dalilin da ya sa ya ke tashi da asuba.

Bari mu ɗauki man gyaɗa mu yi misali, tun da kowa ya san shi. Mace ta kan soya gyaɗa, ta murje, ta sheƙe, ta kai niƙa. Sa'an nan ta zuba a turmi, tana yayyafa ruwan zafi kaɗan kaɗan tana juyawa, har mai ya taso. Kusan rabin nauyin ƙwayar gyaɗa mai ne, amma matsar hannu ba ta fid da shi duka, saura yana cikin tunkuza. Tunkuzar nan ita a ke mulmulawa a soya ta zama ƙuli-ƙuli. Kun ga ke nan abu biyu ta ke sayarwa daga gyaɗa ɗaya, ba tare da ta fita daga gidanta ba. Ku lura da wannan kuma: gyaɗar da ta yi fumfuna a tsince ta a zubar. Akwai dafi a cikinta mai ɓata hanta, wuta kuwa ba ta kashe shi duka. Araha ba ta sa a ci da jama'a cuta.

Yanzu ku ɗauko fensir. A ce ta sayi gyaɗa ta naira 20,000. Niƙa 1,500. Itace 1,500. Gishiri da yaji da leda 1,000. Kuɗin mota zuwa kasuwa da komowa 1,000. Duka ya kama naira 25,000, wannan ita ce uwar kuɗi. Ta sayar da mai na 17,000, ƙuli-ƙuli na 13,000, an sami 30,000. Riba nawa ke nan? Naira 5,000. Madalla.

Amma tsaya tukuna. Cikin man nan, na 2,000 a tukunyar gida ya shiga. Maƙwabta kuma sun ɗauki na 3,000 bashi, sun ce sai ran kasuwa. In ta ƙirga abin da ke hannunta, naira 25,000 ne ɗai, watau ta yini gaban wuta, ba ta riƙe ko kwabo na riba ba. In kuma an yi suna a dangi ta zari 4,000 ta kai gudummawa, uwar kuɗi ta koma 21,000. Mako mai zuwa gyaɗar da za ta saya ta ragu. Bayan wata uku sai a ji an ce sana'a ta karye, a ce baki ne ya kama ta. Ba baki ba ne. Uwar kuɗi aka ci ba a sani ba.

Nan ne karatunku zai yi muku rana. Ku sayi littafi ɗaya na rubutu. Shafin hagu, abin da ya fita. Shafin dama, abin da ya shigo. Can baya, sunan duk wanda ya ɗauki bashi, da ranar, da kuɗin. Abin da gida ya ci shi ma a rubuta, ko maigida ne ya ɗiba. Kuɗin sana'a a ajiye su dabam, kada su haɗu da na cefane. Mun san hana ɗan'uwa bashi da wuya, an ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Amma wanda ya ga ana rubuta sunansa ya kan yi saurin biya.

Sana'ar gida tana da nata wahala, ba za mu yi muku daɗin baki ba. Ba mai kaɗa maka ƙararrawa, kai ne ubangida, kai ne bara. Ranar da ka kwanta ciwo ba ciniki. Ba fansho kuma, sai abin da ka tara: tunkiya, ko akuya, ko zubin adashi. Don haka mai albashin da ke so ya koma sana'a, kada ya saki reshe ya kama ganye. Ya soma da yamma, da ranakun hutu, da ɗan jari kaɗan, ya riƙa rubutawa har wata shida ko shekara. In littafi ya nuna riba tana ɗaukar gida, sa'an nan ya yi shawara. Rance mai ruwa kuwa a farkon sana'a, mu dai ba mu ba da shawararsa.

Akwai wani abu da ke damunmu, sai mun faɗa. Gidaje da yawa ribarsu a kan yarinya ta ke. Uwa tana ciki tana suya, 'yarta tana yawon talla tun safe har dare, 'yan'uwanta suna aji. Ku da kuka zo neman karatu da furfura, kun fi kowa sanin abin da a ke toshe wa yarinyar nan. In dole ne a yi talla, a bari sai an taso daga makaranta, kuma a cikin unguwa. Akwai ma hanyar da ta fi. Tun da wayar hannu ta shigo a 2001, mai saye yana iya bugowa ya ce a ajiye masa kwalba biyar, ya turo kuɗi, ya aiko a karɓa. Mai shayi da mai tsire da mai ƙosai kullum suna bukatar mai ko ƙuli-ƙuli. In aka shirya da mutum uku irinsu, kaya sun ƙare tun ba su huce ba. Wanda kuma sana'arsa ta yi girma har yana so ya ƙulla abinci da suna a jiki ya kai manyan kantuna, sai ya nemi lambar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993 don duba abinci da magani.

Ran aji mai zuwa kowa ya zo da lissafin mako guda na abin da a ke sayarwa a gidansa, ko fura ce, ko ƙwai, ko tabarma. Wanda bai iya jera lambobin ba ya zo da su a ka, za mu rubuta tare a allo.