Zafin Jiki Ya Sauka Ba Shi Ne Warkewa Ba

'Yan'uwana mata, da zarar damina ta kankama, kududdufan Birnin Zariya sukan cika, sauro ya yi yawa tun daga Ƙofar Doka har Ƙofar Kuyambana. To, bari mu ga yadda zazzaɓinsa ke kama yaro.

Macen sauro ce mai cizo. In ta ciji yaro, sai ta zuba masa wata ƙwayar cuta wadda ido ba ya gani. Wani likitan Faransa, Laveran, shi ya fara ganinta a jinin mutum a Aljeriya cikin 1880. Ƙwayar nan takan zarce hanta, ta yi kamar mako guda tana hayayyafa har ta zama dubbai, yaro kuwa yana ta wasansa. Daga nan su bazu cikin jini, kowace ta huda jar ƙwayar jini ta shige, ta ci, ta ƙaru. Bayan kamar awa 48 ƙwayar jinin ta fashe, sababbi su fito su nemi wasu. A lokacin ne jiki ke zafi da rawar ɗari, jini kuma ya yi ta raguwa.

Saboda haka in zafi ya sauka, kada ki ce ya warke. Cutar tana nan, ɓuya ta yi. Ki kai shi a gwada jininsa, ga Asibitin Gambo Sawaba nan a Ƙofar Gayan. In an ba da maganin kwana uku, ya shanye duka. Da dare kuma a sauke gidan sauro, musamman ga yara da masu ciki.

Allah Ya raya mana zuriya, amin.