Mai lanƙwashewa da mai karyewa: abubuwan mamaki daga maƙera zuwa Dutsen Kwatarkwashi

Jama'a, yau maƙera za mu leƙa, mu bi ta wajen magina, mu ɗan tsaya gun mai alewa. Duk abin da aka ɗora wa nauyi ɗayan uku yake yi: ko ya ba da kai ya dawo yadda yake, ko ya lanƙwashe ya zauna a haka, ko ya karye a wuce wurin. Injiniyoyi shekaru suke kwashewa a kan ukun nan, mu kuwa a tsaitsaye za mu sha su.

Yarinyar da ta ɗauko tulu daga rafi a Wonaka ba ta rage ko ɗigon ruwa ba don ta naɗa gammo, baza nauyin kawai ta yi a faffaɗan wuri maimakon ya taru a tsakar ka. Abin da masana ke kira matsi ke nan, wato nauyi a raba shi da faɗin wurin da ya sauka. Tsumma ne, amma ya iya lissafi.

Lissafin nan ne ya sa allura ke huda fata da ɗan turin yatsa, raƙumi kuwa ya taka rairayi da kayansa niƙi-niƙi bai nutse ba, don tafin ƙafarsa bajewa yake yi in ya taka. Jaki ma akumari ne ke raba shi da gyambon baya. Kowa da irin dabararsa.

Rodi mai kaurin milimita 12, na ƙarfe mai laushi, zai riƙe kusan tan 3 a rataye, wato buhun masara mai kilo 100 har 28, kafin ya fara miƙewar da babu dawowa. Duk da wannan uban kaya, tsawon da mita ɗaya ta ƙara bai fi milimita ɗaya da kwata ba, kuma ana sauke buhunan zai koma yadda yake. Yana jin jiki, bai dai faɗa ba.

In kuka ci gaba da lafta masa kaya, sai ya yi ta miƙewa har ya ƙara kusan kashi ɗaya cikin biyar na tsawonsa, wani wuri ya tsuke ya yi siririn wuya, nan ne kuma zai tsinke. Wannan hali shi ake saye da kuɗi, domin ginin da ke da irin wannan rodi yakan tsattsage ya lotsa tukuna, ya ba mutanen gida damar fita da yaransu. Rodin da ya karye ƙaras ana tanƙwara shi, a mayar wa mai shago kayansa tun kafin a kwaɓa siminti.

Ku lura da mai lanƙwasa rodi a bakin aiki, kullum sai ya ɗan zarce kwanar da yake so, don yana sakin hannu ƙarfen zai ja da baya kaɗan. Ciniki ne, kowa sai ya rage wani abu.

Kankare gwani ne wajen ɗaukar danniya, amma in jan sa aka yi, abin da yake jurewa bai wuce kashi ɗaya cikin goma na wancan ba. Shi ya sa rodin linta ke kwanciya ta ƙasa inda ake ja, na barandar da ta leƙo waje babu ginshiƙi kuma ya koma ta sama. Magini ya juya su, baranda ta gaishe da ƙasa.

Wata sa'a kuma, ƙarfe da kankare kusan daidai suke buɗewa in rana ta yi zafi, daidai suke tsukewa in sanyi ya sauko. Ba don haka ba, da bazara ɗaya ta isa ta raba zaman.

Magabata sun riga siminti gane dabarar rodi. Laka ma danniya take jurewa ba ja ba, don haka ake tattake ta da ciyawa kafin a yi tubali ko yaɓe, zaren ciyawar ya riƙe ta in ta bushe tana neman tsagewa. Rodin talaka a bayan gari yake tsirowa.

Azarar giginya gara ba ta cika damunta ba, sai dai in tazarar bango da bango ta haura kamar mita 2 takan fara lotsawa ƙarƙashin ƙasar rufi, shi ya sa tsofaffin ɗakunan soro ba su da faɗi. In ana son zaure babba, sai gwanayen magina su ɗaure azara a kan azara tana ɗan leƙowa gaba, daga bangon nan da na can, har su haɗu a sama su zama bakan gizo. Zauren sarki ma da guntayen azara aka haɗa shi.

Akwai kuma lanƙwasar da ba ta gaggawa. Katakon kantar mai shago da ya shekara ɗauke da katan-katan na sabulu yakan yi ciki ko da ba a ƙara masa sabulu ɗaya ba, dalma ma haka take miƙewa da kanta a zafin ɗaki in an rataye ta. Sannu ba ta hana zuwa, har a wajen katako.

Kwalta ta fi kowa iya wannan. A wata jami'a a Ostareliya an zuba baƙin ƙaro mai tauri a mazurari a 1927, irin wanda guduma ke farfasawa, aka zuba masa ido, zuwa 2014 ɗigo tara kacal ya yi. Mai jiran na goma ya nemi tabarma.

Shi ya sa titi ke yin kwari biyu a inda tayoyin tirela ke bi, musamman wurin da manyan motoci ke rage gudu ko tsayawa da rana tsaka, kamar yadda mai bin hanyar Gusau zuwa Tsafe zuwa Funtuwa ya saba gani. Gwajin da aka yi a Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna in aka ninka nauyin da ke kan gatarin mota sau biyu, ɓarnar da yake wa titi takan ninka wajen sau 16. Lodin wuce ƙa'ida riba ce ga mutum ɗaya, rami ga gari guda.

Layin dogon da ya taso daga Zariya ya ratsa Gusau ya kai Ƙaurar Namoda a 1929 an bar masa 'yar tazara tsakanin kowane ƙarfe da na gabansa. Ƙarfe mai mita 12 yakan ƙara fiye da milimita 4 in zafi ya hau da digiri 30, in kuwa bai sami wurin miƙe ƙafa ba sai layin ya karkace gefe. Ƙarar ƙaƙas-ƙaƙas ɗin jirgin ƙasa daga nan take.

Dutsen Kwatarkwashi da ke ƙaramar hukumar Bunguɗu a can ƙarƙashin ƙasa ya daskare, da tarin duwatsu danne a kansa. Da zaizaya ta kwashe na saman cikin miliyoyin shekaru, sai ya sami sarari ya ɗan buɗe, bayansa ya riƙa ɓarewa falle-falle, zafin rana da sanyin dare suna taya shi. Dutse ma in an sauke masa kaya sai ya yi miƙa.

Masu fasa dutse sun san lagonsa. Wuta suke hurawa a kansa, saman ya buɗe cikin bai buɗe ba, sai ya dare da kansa, guduma ta zo ta ƙarasa. Icen girki ya yi aikin ƙato goma.

Mu shiga maƙera. Ƙarfe sai ya kai wajen digiri 1,500 yake narkewa, amma tun a 600 rabin ƙarfinsa ya tafi, in kuma ya wuce ja ya koma ruwan ɗorawa, masaba na sauka yana bajewa a kan uwar maƙera. Maƙeri ba ya riƙe ma'aunin zafi, launi yake karantawa yana yi wa mai zuga-zugi alama da ka. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, magana ce ta masu sana'a.

Ba banza maƙera ke farautar tsohon sifirin mota ba in za su yi wuƙa, gatari ko bakin garma. Ƙarfensa na da sinadarin gawayi isasshe, in an tsoma shi a ruwa yana ja sai ya yi tauri ƙwarai, har ya zama mai saurin karyewa, sai an sake ɗumama shi kaɗan ya sauko. Rodi kuwa ko a rijiya aka tsoma shi, wuƙarsa ba ta wuce yankan kuɓewa.

Ɗauki waya ka yi ta lanƙwasa ta gaba da baya a wuri ɗaya: za ta yi ɗumi, ta ƙara tauri a gwiwar, sannan ta karye. Haka azurfa da tagulla ke taurarewa a hannun maƙeran fari in bugu ya yi yawa, sai sun mayar da su wuta sun huce kafin a ci gaba da ƙera munduwa. Ƙarfe ma yana fushi, wuta ce ke ba shi haƙuri.

Abin da ya daɗe yana ɗaure wa masana kai shi ne, a lissafi ya kamata ƙarfe ya fi yadda muke ganinsa ƙarfi sau ɗari ko fiye. A 1934 masana uku, kowa a nasa wurin, suka gano cewa ƙwayoyin ƙarfe ba sa zamewa gaba ɗaya, layi-layi suke gocewa, kamar yadda ake matsar da babbar darduma ta hanyar tura ɗan tudun da ta yi daga wannan baki zuwa wancan. Ba don wannan 'yar tawaya ba, da babu maƙerin da zai iya ƙera ko allura.

Zinariyar da ake haƙowa a yankin Anka, Maru da Bukkuyum ita ce sarauniyar ba da kai. Giram ɗaya ana iya buge shi ya baje ya rufe fili mai mita ɗaya tsawo mita ɗaya faɗi, ko a ja shi ya zama zare mai fiye da kilomita 2. Ga tsada, ga sauƙin kai.

Kuzar Jos kuwa ba ta shiru. In aka lanƙwasa sandar tatacciyar kuza kusa da kunne, ana jin tana ƙara ƙiris-ƙiris yayin da ƙwayoyinta ke sauya zama. Ita dai ba a cutarta a ɓoye.

Mai alewa yana rataya ta a ƙugiya tana da ɗumi, ya ja, ya ninka, ya sake ja, har iska ta shige ta ta yi fari. Alewar nan da ta miƙe kamu biyu ba gardama, in ta huce ɗan bugu ɗaya ke ɓalle ta. Yaro da naira a hannu bai damu da ko ɗaya ba.

Ja leda a hankali ka gani: wani wuri zai tsuke ya yi haske, tsukewar ta yi ta tafiya, kuma wurin da ya miƙe ya fi sauran wuyar tsinkewa don zaruruwan cikinta sun jeru sahu ɗaya. Shi ya sa hannun leda ke zama igiya ya shige yatsun mai cefane. Ita ba ta tsinke ba, kai ba ka huta ba.

Mai yadi a kasuwar Gusau ba ya wahalar da almakashi, ɗan tsaga baki yake yi ya ja, yadi ya tafi fyaat har ƙarshe. Duk ƙarfin jan a kan tsinin tsagar yake taruwa, dabarar da mai yankan gilashi da mai cizon kusurwar ledar ruwa ke amfani da ita. Ƙaramar kafa, babban aiki.

Gyartai in ya karɓi fasasshiyar ƙwarya, huda yake jerawa gefe da gefe ya ɗinke, zaren ya ɗauke wa tsagar jan da ke buɗe ta. Makanikai kuma sukan huda rami zagayayye a daidai inda tsaga ta tsaya a jikin ƙarfe, don rami ba shi da tsinin da matsi zai taru. A yi huda don maganin tsaga, sai mai sana'a.

Darasin nan da tsada aka saye shi a sama. A 1954 jiragen fasinja biyu na Ingila, cikin na farko masu injin jet, sun tarwatse a sararin sama, bincike ya nuna tsaga takan faro daga kusurwar kafofin da aka yanka a jikinsu, bayan hawa da sauka sun gajiyar da ƙarfen. Alhaji, in ka leƙa tagar jirgin Makka ka gan ta zagayayya, ba ado ba ne.

Motar da gabanta ya tattakure a haɗari aikinta ta yi, domin da gangan ake ƙera gaban ya murƙushe ya shanye bugun kafin ya iso ga na ciki. Tsohuwar mota mai taurin kai takan fita da ɗan ƙwarzane, ta bar wa fasinja sauran. Gara a kai wa mai gyaran bodi aiki da a kai wa mai ɗori.

Masu ɗori kuwa sun san ƙashin yaro ba irin na tsoho ba ne. Na yaro yakan lanƙwashe ya tsage ta gefe ɗaya bai rabu biyu ba, na dattijo ya karye gaba ɗaya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma ban da na hannun yaro.

Robar tiyub da ɗan kabu-kabu ke ɗaure buhu da ita tana miƙewa ninki huɗu ko biyar ta dawo, abin da ƙarfe ba ya yin ko kashi ɗaya cikin ɗari nasa. Ja ta da sauri ka taɓa a leɓe za ka ji ɗumi, sake ta ka sake taɓawa ka ji sanyi. Gwajin kimiyya kyauta, a gindin mashin.

Wani masanin Ingila ya gano cewa gwargwadon jan da aka yi wa sifirin, gwargwadon miƙewarsa, sai ya buga abin a 1676 da haruffa a hargitse don kada a riga shi, bai warware ba sai 1678. Da wannan ƙa'ida sikelin rataye ke aiki, kuma in aka taɓa rataya masa abin da ya fi ƙarfinsa, sifirin ya saki, allurarsa ba ta ƙara komawa kan sifili. Kafin a auna maka kaya, duba inda allura ta kwana.

Mai kalangu ma da hammata yake wannan lissafin. Ya matse tsirkiyoyin, fata ta ɗaure murya ta hau, ya saki ta sauko, da haka ganga ke kiran sunan mutum a tsakiyar taro. Wanda aka kira kuma aljihunsa ne ke lotsawa.